A Ƙarƙashin Teburin Yaya

Ƙarfe huɗu saura minti goma ake tsayar min da keken ɗinki. Ko wuyan riga nake kai, ko mai kayan na tsaye a kaina tana duba agogo, Yaya zai leƙo ɗakin ya ɗaga yatsa ɗaya, ni kuma in ɗauke ƙafa. Inna ta kashe rediyonta tana ƙunƙuni, a rufe tagogin falo duk zafin da ake yi. Malam zai shiga aji.

Ajin nasa a kusurwar falonmu yake. Tebur ne da kwamfuta, da farin labule a bango, da wasu manyan littattafai uku da aka jera don ado, waɗanda ban taɓa ganin ya buɗe ko ɗaya ba. Makarantar da yake koyarwa ce ta buɗe darasin lissafi na yamma ta intanet. Yara arba'in da wani abu, kowa daga gidansu, fuskokinsu a jere a gilashin kwamfuta kamar hotunan fasfo. Yaya kan zauna da riga mai guga da hula a karkace, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa tsohon wandon barci ne da silifa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni yana hagunsa, a ƙasa, inda kyamara ba ta kaiwa.

A can Anti take zama, matar Yaya. Tana kan tabarma, da ɗan ƙaramin allo fari da alƙalaminsa, waya a cinya ɗaya, 'yarsu Ummi mai wata takwas a ɗayar. Kanta ba ya wuce bakin teburin, don in ya wuce, ɗankwalinta zai fito a hoto. Awa ɗaya da rabi tana duƙe.

Yarinya za ta danna alamar ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa idan za a raba da rabi sai amsar ta ƙaru?"

"Tambaya mai kyau!" in ji Yaya. "Kowa ya tafa mata."

Kafin tafin ya lafa Anti ta rubuta amsar a allonta ta ɗaga. Shi kuma ya sunkuyar da kai, ya kama haɓa kamar mai zurfin tunani, ya karanta, ya ɗago ya faɗa musu da murya irin ta manya. Ni da nake raɓe a bakin ƙofa sai in ji kamar in yi dariya, sai kuma in kalli wuyan Anti, dariyar ta koma.

Ba a nan aikin ya tsaya ba. Da safe Yaya na fita makaranta, Anti za ta shiga manhajar darasin da sunansa da kalmar sirrinsa. Yara sun ɗauki hoton aikin gida sun turo, ita za ta duba ɗaya bayan ɗaya, tukunya na kan wuta, Ummi na goye. Ba ta rubuta "daidai" ko "kuskure" ta wuce. Sai ta rubuta wa yaro, "Layi uku na farko ka burge ni, a na huɗu ne barci ya ɗauke ka, koma ka duba." Ƙarfe bakwai na kowace safiya tana sa musu tambaya ɗaya da za su tafi makaranta suna gardama a kai. Ta kwashe min ƙyallayen ɗinkina ta yayyanka, ta ɗauki hoto ta koya musu kashi-kashi da su. Sabulun wankinmu ma bai tsira ba.

Wanda yara suka fi hauka a kai shi ne wasan da ta sa wa suna Kama Malam. Duk ranar Laraba sai ta sa lissafi an warware shi tun daga sama har ƙasa, amma ta ɓoye kuskure ɗaya da gangan a ciki. Wanda ya fara kamawa a manna masa tauraro a gefen sunansa. Yaran da a da ko kyamara ba sa kunnawa suka koma rige-rigen shiga aji. Wata Laraba Yaya bai karanta takardar har ƙarshe ba, ya koyar da kuskuren a matsayin daidai, har da buga tebur. Yara suka ɗauki ihu, "Mun kama Malam! Mun kama Malam!" Ya kalli ƙasa, ya ga Anti ta dafe kai, nan take ya gane. Ya washe baki ya ce, "Madalla, dama gwada ku nake yi."

Duk wannan, muryar Anti ba ta taɓa shiga kwamfutar nan ba. Doka ce. Rubutu kawai, kuma rubutun da sunan Yaya yake fita. Wani yaro ma ya taɓa rubuto masa, "Malam, me ya sa a intanet kake da kirki, a makaranta kuma kake ɗaure fuska?" Anti ce ta amsa masa. Ban san me ta ce ba.

Shugabar makaranta ta ga yara sun farka, iyaye na kira suna godiya, sai ta ƙara wa Yaya aji na biyu. Ya dawo gida bakinsa har kunne. Bayan wata ɗaya aka ƙara na uku, na ranar Asabar da safe. Zaman tabarma ya koma awa uku. Wuyan hannun Anti na dama ya kumbura, ta ɗaure shi da ƙyalle ta ci gaba da dannawa. In an tashi aji sai na kama ta take miƙewa, ƙafafunta sun mutu, ta tsaya tana dafe da bango tana jiran jini ya sauka. Abincin rana ya fara kaiwa la'asar. Inna ta fara cewa, "Ni ban san me 'yar nan take yi a gidan nan ba, kullum tana maƙale da waya."

Ranar da sanarwar ta fito, Anti ce ta fara gani, tunda ita ke buɗe saƙonninsa. Makaranta na neman malami ko malama guda da za a ɗauka musamman don azuzuwan intanet. Ana so a zo da takardar shaidar koyarwa, a kuma nuna aikin da aka taɓa yi a manhajar. Mako biyu aka bayar. Anti na da takardar, tana cikin akwatinta a leda, har sakamakonta ya fi na Yaya kyau, ko da yake ba a faɗar wannan a gidanmu. Abin da ba ta da shi, sunanta a kan aikinta.

Ta jira ya ci ya ƙoshi, ya miƙe ƙafa, sannan ta matso da kwamfutar.

"Abban Ummi, dubi nan. Akwai wurin da ake ƙara malami na biyu a aji. Sunana kawai za ka rubuta ka danna. Ko minti ɗaya ba za a yi ba."

"Sai me ya faru?"

"Sai in samu abin nunawa. Ina so in nemi aikin nan."

Ya yi dariya, irin wadda ake yi wa yaro ya ce zai tuƙa mota. "Haba Madam. Ni da ke akwai wani bambanci ne? Sunana ai sunanki ne. In an yabe ni, wa aka yaba?"

"Kai aka yaba."

"To ai shi ke nan, gida ɗaya yabon ya shigo. Bari dai a gama gwajin wannan makon, kaina ya yi zafi."

Gwajin da ita ta tsara, ita kuma ta duba. Aka gama. Ta sake tuna masa, ya ce intanet ba ƙarfi. Washegari ya ce sai ya tambayi Shugaba ko an yarda da haka. Ya dawo ya ce bai same ta a ofis ba. Kwana biyar suka tafi a haka. Anti ta daina zama wuri ɗaya. Ta shigo ɗakina ta ɗauki almakashi ta ajiye, ta fita tsakar gida ta kwashe shanyar da ba ta bushe ba, ta dawo ta sake shanyawa. Ta buɗe shafin nan na ƙara malami ta zuba masa ido. Kalmar sirrin na hannunta, da ta ga dama da kanta za ta rubuta.

Na ce, "Anti, ki danna mana. Wa zai sani?"

"Saƙo zai je wayarsa," ta ce. "Kuma ni ba sata nake so in yi ba, Auta. So nake ya ba ni da hannunsa."

Da ta ga kwanaki na gudu sai ta kai maganar wurin Inna, a zatonta uwa za ta sa baki. Inna na zaune tana jan carbi, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wato so kike ki je ki ce wa duniya ɗana bai iya aikinsa ba."

"Ba haka na ce ba, Inna."

"Haka kika ce mana. In sunanki ya fito, ai tambaya za a yi. Me take yi a ciki? Tun yaushe? Mace ta gari rufa wa mijinta asiri take yi. Mu da muka yi wa namu wahala shekara arba'in, a wace takarda aka rubuta sunanmu? Ga ki da goyo, ina za ki kai ta? Ki gode Allah kin samu mijin da yake barin ki kina taɓa kwamfutarsa."

Anti ta ce, "To, Inna," ta tashi. Ta kira babban wanta a waya, ina jin muryarsa daga inda nake. Ya ce ta yi haƙuri, kada ta ɓata gidanta a kan abin da bai kai ya kawo ba, ai ilimi ba ya ruɓewa, watarana za ta yi amfani da shi. Kowa da irin bakinsa, amma magana ɗaya suka faɗa.

Ni ma kada in wanke kaina. Na san komai, da idona nake gani kullum. Amma kekena a gidan Yaya yake, wutar da nake guga da ita tasa ce, kuma tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya ba. Sai na gaya wa zuciyata cewa tsakanin miji da mata ba a shiga. Na ji daɗin wannan uzurin ƙwarai, don ya bar ni na ci gaba da ɗinkina.

Ranar Litinin ta mako na biyu Ummi ta tashi da zazzaɓi, haƙori take yi. Anti ta ce a ɗage darasi, Yaya ya ce ba a taɓa ɗage ajin Malam ba. Na ce a ba ni ita, yarinya ta ƙi kowa sai uwarta. Haka suka shiga ƙarƙashin tebur su biyu. Minti ashirin da farawa Ummi ta fara ƙananan kuka. Anti ta ba ta nono ta ƙi, ta jijjiga ta da hannu ɗaya tana rubutu da ɗayan. Na ga ƙafar Yaya ta miƙo ta ƙarƙashin tebur ta zunguri gwiwar Anti, fuskarsa a sama tana murmushi. Ya sake zungura. Da yarinya ta buɗe baki za ta tsala ihu, sai Anti ta rungume ta a ƙirji ta fita da rarrafe, da gwiwa da hannu ɗaya, tana sunkuyar da kai kada ta fito a hoto. A gidan aurenta, a falonta, da ranar Allah.

Tana fita wani yaro ya jefo tambaya. Yaya ya ce a tafa masa. Aka tafa, tafi ya ƙare. Ya kalli ƙasa, tabarma ce kawai da allo babu komai a kai. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba: Yaya ya sandare. Baki a ɗan buɗe, hannu a sama, ko ƙiftawa ba ya yi, wai shi a dole intanet ce ta tsaya.

"Malam ya daskare," in ji wata yarinya.

"Amma labulen bayansa na motsi," in ji wani.

Da ƙafa ya lalubi wayar wutar ya fizge.

Ya same ta a ɗaki tana shafa wa Ummi ruwa a goshi. Ya rufe ta da faɗa, wai ta kunyata shi a gaban yara, wai da gangan ta yi don ya ƙi sa sunanta. Sai da ya gaji sannan ta ce, "Saura kwana uku, Abban Ummi."

"Ki je ki nema! Na hana ki ne? Ai sun ce wanda ba shi da aiki a manhaja zai iya zuwa ya koyar a gabansu su gani. Ki je. Amma sunanki ba zai shiga ajina ba, kuma ki ji da kyau, kada ki kuskura ki yi musu abin da ya yi kama da nawa."

Nawa, in ji shi. Ya faɗa ko kunya babu, kuma na lura ya yarda da abin da ya faɗa. A zatonsa ba za ta je ba. Washegari da safe ta ciro takardarta daga akwati ta tura musu hotonta, suka sa mata ranar Alhamis ƙarfe goma.

Kwana biyun nan ban ga Anti ta zauna ta ci abinci ba. Tsakanin duba aikin yaransa da zaman tabarma, tana ta neman wata hanyar koyarwa da ba a taɓa gani a ajin Yaya ba. Ta rubuta ta yage, ta rubuta ta yage. Ta tsaya gaban madubin da nake gwada wa mutane kaya tana magana ita kaɗai, ta tsaya a tsakiya ta ce, "Wannan ma na yi masa a watan jiya." Ta gwada irin koyarwar littafi, a karanta ƙa'ida a ba da misali, ta kalle ni ta ce, "Ke kanki hamma kike yi." Ranar Laraba da daddare ta zauna a bakin gadona, hannun nan mai ƙyalle a cinya.

"Auta, duk hanyar da na bi sai in tarar na riga na ba shi. Ban rage wa kaina komai ba."

"To ya za ki yi?"

"Yadda na iya zan yi. Ban iya zama wata ba."

Ni na raka ta, don in riƙe Ummi. Aka kai mu ɗakin kwamfutoci na makarantar, dogon ɗaki mai fanka biyu, ɗaya ba ta aiki. Shugaba na zaune da tabarau da babban littafi, malamai biyu a gefenta. An zaɓo yara shida an sa su a wani ɗakin, za su shigo ta intanet. Na tsaya a bakin ƙofa da yarinya a kafaɗa.

Anti ta zauna a kujera, kyamara ta kunnu, fuskarta ta fito a gilashi. Na ga ta ɗan sunkuyar da kai, jikinta ya saba. Sai ta tuna, ta ɗago. Sallamarta ta fito da rawa, jimla ta biyu ma haka. A ta uku muryar ta zauna. Ta ciro ƙyalle daga jaka ta yage shi biyu a gabansu, ta tambayi yaro na farko da sunansa, ta jira shi, ba ta katse shi ba. Ta juya ga wata yarinya da ta yi shiru ta ce mata, "Ke kin san amsar, na gani a idonki, rubuta min a gefe in ba kya son faɗa." Yarinyar ta rubuta. Minti goma ba a yi ba yaran nan suna ta ɗaga hannu suna katse juna. Ɗaya daga malaman ya ajiye wayarsa ya gyara zama. Ni kuwa hawaye ne suka cika min ido, don ban taɓa sanin haka muryarta take ba in tana koyarwa.

Daga ƙarshe ta sa musu lissafi ta ce, "Na ɓoye kuskure ɗaya a nan. Wa zai kama ni?"

"Irin na Malam!" in ji wani yaro da murna. "Kama Malam ne!"

Shugaba ta cire tabarau. Ta sa aka kashe kwamfutar, ta aiki ɗaya malamin ya kira Yaya daga ofishin malamai.

"Baiwar Allah," in ji Shugaba, "kin koyar da kyau, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni na bi ajin mijinki tun daga ranar farko. Babu darasin da ban karanta ba, babu amsar da ya ba yaro da ban duba ba. Shekarata ashirin da shida a aikin nan ban ga malamin da ya san zuciyar yara kamarsa ba. Ƙyallen nan nasa ne. Yadda kika lallaɓi yarinyar nan, kalma da kalma, nasa ne. Wasan nan nasa ne. Duk suna nan a manhaja da sunansa da kwanan wata. Mu nan in yaro ya kwafi aikin wani, sifili muke ba shi. Yaya zan yi da babba?"

Anti ta buɗe baki, sai ga Yaya ya shigo da ƙurar alli a hannun riga. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya kalli Shugaba.

"Malam, matarka ta kawo mana aikinka a matsayin nata. Da izininka ta yi?"

Na ƙura masa ido. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goya ni zuwa makaranta ina ƙarama. Na ce a raina yanzu zai faɗa. Ba sai ya faɗi duka ba, ya ce tare muke yi, ya isa. Na ga ya san abin da ya kamata.

"Hajiya, a yi mata afuwa," ya ce a hankali. "A gida nake koyarwa, tana jina kullum, sai abin ya zauna mata a kai. Ba da mugun nufi ta yi ba. Laifina ne da ban ja mata kunne ba."

"Ka ji mutumin kirki," in ji Shugaba, tana kallon malaman. "An ɗaukar masa gumi, shi ne ma yake ba da haƙuri." Ta juyo ga Anti. "Ba zan rubuta komai a kanki ba, saboda darajarsa. Amma ki nemi gafararsa a nan, a gabanmu, magana ta wuce."

A nan ne ya kamata in yi magana. Ina da baki, ina da ido, na san tabarmar, na san allon, na san ƙafar da ta zunguri gwiwa. Ummi ta motsa a kafaɗata, sai na shiga jijjiga ta ina kallon ƙasa, kamar wannan ne aikin da ya kawo ni duniya.

Anti ta miƙe. Ta kalli mijinta sosai, har sai da ya kawar da kai.

"Ka yafe min," ta ce.

"Na yafe," in ji Yaya.

Kafin mu fita Shugaba ta ce tunda abin ya zama haka, ba ta ga dalilin neman bare ba, shi za a damƙa wa azuzuwan intanet gaba ɗaya, guda bakwai. Ta dafa kafaɗar Anti ta ce, "Ke kuma ki riƙa taimaka masa a gida, ko da da ruwan shayi ne. Aikin nan da yawa."

Ana cewa zalunci sai an ga duka ko an ji zagi. A gidanmu ba a taɓa dukan Anti ba. An ci da ita, an sha da ita, an kira ta Madam. Aikinta kawai aka ɗauke, yau kaɗan gobe kaɗan, kowa na da dalilinsa mai kyau, har ranar da ta zo ta nuna shi aka ce ta sato. Kuma ba Yaya kaɗai ya yi ba. Inna ta sa hannu, wanta ya sa hannu, ni ma da nake ba ku labarin na sa nawa.

Muka fito bakin titi muna jiran mota. Rana ta take, na kasa tsayawa wuri ɗaya, ina ta zagin Yaya a ƙasan maƙoshi, zagin da ban iya yi a gabansa ba. Na ce, "Anti, ki yafe min ni ma. Na yi shiru."

Kamar ba ta ji ni ba. Ta karɓi Ummi ta goya, ta ɗaure zanin da hannun nan mai ciwo. Idonta a bushe, har wani ɗan murmushi take yi, wanda ya fi kuka tayar min da hankali.

"Kin ji abin da ta ce, Auta? Shekara ashirin da shida ba ta ga kamarsa ba. Ta karanta duka, har amsoshin da nake ba yara." Ta gyara goyon. "Ashe na iya."